Hattara da masu cewa za su nemo muku dangi a Sudan da Makka

Jama'a, akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da WhatsApp, kuma ba masu kwaɗayi take ci ba, masu son zumunci take ci. Wasu ne ke tallar cewa za su gano maka zuriyar da kakanka ya bari a Sudan, ko Makka, ko zangon Kumasi.

Tana shiga mutane ne domin tushen zancen gaskiya ne. Gidaje da yawa a ƙasar Hausa suna da wanda ya yi gabas da ƙafa bai dawo ba. Wasu sun bi hijirar Sarkin Musulmi Attahiru. Da aka kashe shi a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har bakin Kogin Nilu, kuma garin Mai Wurno yana nan a jihar Sennar ta Sudan har gobe. Wasu alhazan ƙafa ne da guzuri ya yanke musu, suka tsaya ƙwadagon auduga a Jazira ko noma a Gadarif, duk a Sudan, suka yi aure, aka hayayyafa. Fataken goro ma sun bar 'ya'ya a Salaga da Kumasi. Don haka duk wanda ya ce kana da jini a can, da wuya ka ƙaryata shi nan take.

Da ɗan kuɗin rajista suke farawa, wanda ba za ka ji ciwonsa ba. Sai su ce ka turo duk abin da ka sani: sunan kakan, laƙabinsa, garinsu, sana'arsa, zamanin sarkin da ya tafi. Kwana kaɗan sai ga kira, wai an dace. A haɗa ka da wani dattijo mai Hausa gauraye da Larabci, yana kuka yana salati, yana jero maka sunayen iyayenka. Ka nutsu ka tuna: duk sunan da ya ambata, ko kai ka ba su da hannunka, ko ka rubuta shi a cigiyar da ka taɓa yi a bainar jama'a. Kayanka aka juyo aka sayar maka.

Daga nan sai roƙo. Idan Sudan ce, da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 za su fake: an kore su daga Wad Madani, yarinya ba lafiya, ana neman kuɗin mota zuwa Gadarif. Wannan ya fi ci mini rai, domin wahalar mutanen can ta gaske ce, su kuwa sun mai da ita jari. Idan Makka ce, sai labarin gado: wai an rushe gidan kakanka lokacin faɗaɗa Harami, diyya na kotu tana jiran magada. Kuɗin lauya, kuɗin fassara takardu, kuɗin hatimi, sannan hoton fasfo da lambar NIN da BVN, ƙarshe har lambar sirrin da banki ke turowa. Ka duba asusun da za su ba ka, na wani mutum ne a nan gida. Ka nemi kiran bidiyo kuwa, kullum sabis ba kyau.

Wasu har gwajin DNA suke haɗawa da shi. Gwajin gaskiya ƙiyasin yanki yake bayarwa, kuma ba ya haɗa ka sai da wanda shi ma ya yi gwajin. Ba ya fitar da sunan ƙauye, balle takardar salsala mai hatimi.

Idan har za ka nema, kada ka zazzage duk abin da ka sani. Riƙe biyu ko uku a cikinka, kamar irin tsagar fuskar gidanku, ko sunan uwargidan da kakan ya bari, ka bar su su faɗa maka. Kuma a kira tsofaffin gida su yi tambayar, su ne ba a yi wa kame-kame. Hanyar da aka sani tun da tana nan: Sarkin Zango ko Sarkin Hausawan garin, limamai, da alhazan da ka sani ido da ido. Wanda kuma yaƙi ya raba shi da nasa, ƙungiyar Red Cross tana da sashen sada iyali, kuma ba ta karɓar ko kwabo.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya garzaya bankinsa yau, ya adana rasit da saƙonnin murya, ya kai ƙara EFCC ko wurin 'yan sanda. Kada kunya ta sa ka ɓoye wa dangi, domin lambobin da ka ba su za su bi ɗaya bayan ɗaya, suna cewa ai wane ma ya tabbatar ya biya nasa kason.