Shatar mota daga Kano zuwa Tiga: ni dai ban ji daɗinta ba

Masu tambaya ta yaya ake zuwa Tiga daga cikin Kano, hanya ba ta da wani ɓoye, ka bi titin Zariya ka wuce Tamburawa da Kura da Ciromawa sannan a karkata hagu ta wajen Bagauda inda makarantar lauyoyi take, kilomita saba'in ne ko kusa da haka. Wasu kuma suna yankewa tun daga Karfi su bi ta Bunkure da Rano su ɓullo ta Rurum. Motar haya tana nan, ka je wajen Unguwa Uku ka tambaya za a nuna maka, sai dai ka shirya zaman jiran lodi. In kuma ka matsu ka hau duk wadda ta nufi Zariya ka sauka a kwana ka nemi ɗan acaɓa, don mu nan ƙauye acaɓa bai mutu ba, a cikin birni ne aka hana shi tun 2013. Duk waɗannan na san su. Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutu shi ne shata, saboda kowa ka tambaya sai ya ce maka ai in kana da mara lafiya ko tsoho kawai ka ɗauki shata ka huta.

To na ɗauka. Innarmu aka yi wa aiki a ciki a wani asibiti a birni, da aka sallame mu likita ya ja kunne kada a jijjiga ta kada ta zauna a takure. Wani abokina ya ba ni lambar wani mai Sharon ya ce mutumin kirki ne, muka yi waya muka yi ciniki, kuɗin da ya faɗa kun san yadda abin ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023, ban ma ja da yawa ba na ce na yarda amma da sharaɗi motar tamu ce mu kaɗai, ni da Inna da ƙanwata, har ƙofar gida. Ya ce "Haba Alhaji, ai Inna uwata ce." Wannan maganar ita ta sa na sake.

Farkon tafiya lafiya lau. Mun kwantar da ita a kujerar tsakiya da filo biyu, ƙanwata ta zauna ta ɗora ƙafafunta a cinya, ni ina gaba. Tun daga Na'ibawa dai na lura wayarsa ba ta hutawa, yana ta cewa wani "gani nan, ka fito bakin titi", na ɗauka saƙo zai karɓa. Muna isa Kwanar Gafan kasuwar tumatir sai ya gangara gefe ya kashe mota. Kafin in ce me ke faruwa an buɗe but, ga wani bawan Allah ya sayar da tumatirinsa zai koma gida, da kwanduna fanko a jere cikin juna, da buhun taki, da injin ban ruwa, da jarkar fetur wadda aka toshe bakinta da leda da ƙyauron roba. Wallahi leda. Kuma ba a but kaɗai abin ya tsaya ba, kun san Sharon bayanta a haɗe yake da ciki, aka naɗe kujerar baya aka tura injin har yana taɓa filon da kan Inna yake kai, mutumin kuma ya zagayo wai zai matse da ni a gaba.

Na ce malam direba me ke nan? Ba shata muka yi ba? Ya ce "Alhaji yi haƙuri, ɗan uwa ne, hanyarmu ɗaya, nan gaba kaɗan zai sauka, kuma ai bayan ba kowa." Na ce bayan ba kowa saboda na biya kuɗinsa ne ya zama ba kowa! Muka fara sa-in-sa a bakin titi, rana ta take, 'yan kasuwa sun fara taruwa kowa na ba ni haƙuri kamar ni ne mai laifin, shi manomin ma kunya ta kama shi ya ce shi bai san da mara lafiya ba a sauke masa kayansa. Inna ce ta ɗago hannu daga ciki ta ce "Kai ƙyale su mu tafi, zafi nake ji." Me zan ce. Da zan sauke ta in nemi wata motar a wajen nan da ɗinki a cikinta?

Daga nan har kwana warin fetur ya cika motar, in an rufe gilas wari in an buɗe iskar rani mai zafi da ƙura, jarkar tana ta zuba kaɗan kaɗan duk ramin da aka faɗa, ƙanwata ta toshe wa Inna hanci da gefen mayafi amma duk da haka sai da ta yi yunƙurin amai, kuma wanda aka taɓa yi wa aiki a ciki ya san me yunƙurin amai yake nufi. Ina jin nishinta ina kallon titi, raina in ya yi dubu ya ɓaci. Abin haushin ma gonakin da muke wucewa kore shar a tsakiyar rani, tumatir da albasa da shinkafa daga Kura har Kadawa, duk ruwan dam ɗin garinmu ne ke bin kanal yana shayar da su tun da aka gama shi a 1974 zamanin Audu Bako, injin da ke dukan filon Inna ma don wannan ruwan aka saye shi, amma mu masu ruwan motar kirki ta kai mu gida ta gagara.

Amma fa zan faɗi gaskiya ko don Allah. Bayan manomin ya sauka, direban nan ya tsaya ya sayi ruwan leda ya wanke inda man ya zuba, ya buɗe ƙofofi duka iska ta shiga, ya duƙa ya ce "Inna ki yafe ni." Kuma tuƙin da ya yi daga Bagauda zuwa Tiga ban taɓa ganin direban haya ya yi irinsa ba, duk rami sai ya kusan tsayawa ya lallaɓa ya wuce, masu Golf suna ta yi masa hon suna wuce mu ko a jikinsa. Da muka hango ruwan ma ya rage gudu ya ce ta ɗago ta ga gida, ta ɗan yi murmushi. A cikin Tiga ya tsaya wajen masu kifi ya sayo mata ƙarfasa soyayya da kuɗinsa, duk da ba ta iya ci ba a lokacin. A nan na ce a raina to shi ke nan, mutum ne ya yi kuskure ya gane, har na fara tunanin zan ba wasu lambarsa.

Ashe da saura. Ƙauyenmu yana gaba da Tiga kaɗan, a bar kwalta a hau burji, kuma na faɗa masa haka tun a waya, na ce har ƙofar gida. Muna sauka daga kwalta sai ya fara ƙunƙuni wai shi Tiga aka ce masa, wannan hanyar tana cin taya tana cin mai. Ya kai mu dai, shi ya ma taya ni ɗaukar Inna har cikin ɗaki, amma muna fitowa zaure, gaban Baffa da maƙwabta da suka zo sannu da zuwa, ya ce sai na ƙara masa kuɗin mai. Na ce kuɗin da manomin nan ya ba ka fa, a motar da na riga na biya? Ya ce wannan daban. Daban! Baffa ya ce "Ba shi, kada a yi hayaniya a kan mara lafiya", ya zaro daga aljihunsa zai bayar, dole na riga shi don ba zan bari tsoho ya biya ba.

Don haka mai son zuwa Tiga yawon buɗe ido, ya ga dam ya hau kwale-kwale ya leƙa tsohon otal ɗin Rock Castle ya ci kifi, ya hau motar tasha abinsa, da lafiyarka matsi na awa ɗaya da 'yan mintuna ba zai kashe ka ba kuma kuɗinka na aljihunka. Mai mara lafiya kuma in dole sai shata, kada ka biya duka a Kano, ka riƙe rabi sai an sauke ka, ka kuma faɗa masa ɓaro-ɓaro gaban shaida cewa ko allura ba za a ƙara a motar ba. Mu komawa asibitin da za mu yi a cire zare na riga na yi magana da wani malamin makaranta a nan garin mai ƙaramar mota, zan zuba masa mai ya kai mu. Mai Sharon ɗin ya kira ni wai yana gaida Inna da jiki kuma yaushe za mu koma, na ce masa ta gode.