Wace auduga za ki saya in za ki sayar da zaren kaɗi a intanet?

Mai kaɗi don nishaɗi kowace auduga ta samu za ta ɗora wa mazari. Amma da zarar kin sa hoto a Instagram ko WhatsApp kin yanka farashi, wanda ya saya a watan nan zai so na watan gobe ya zo iri ɗaya, kauri da launi. Daga wajen sayen auduga ake samun wannan.

Mafi kyau ita ce auduga mai gurya, wadda aka tsinko daga gona ba ta shiga inji ba. Daga Nuwamba zuwa Janairu take fitowa, a ƙauyukan yammacin Kano da yankin Malumfashi da Funtuwa. Lissafinta a sauƙaƙe: kilo 3 mai gurya zai ba ki kusan kilo 1 bayan gurza, don haka kada arhar buhu ta ruɗe ki. Aikin yana da yawa, gurza a magurji, shiɓa da baka, sannan naɗe sutu, wato shiɓaɓɓiyar audugar da ake jan zare daga jikinta, amma silin audugar bai karye ba, yana ja da tsayi a hannu. Da ita za ki iya kaɗa siririn zare mai murɗi sosai wanda masaƙa ke yin wadari da shi, ki kuma kaɗa abawa, wato zare mai kauri da laushi. Ki saya wa shekara daga gona guda in da hali, domin farin auduga ya kan bambanta daga gona zuwa gona, kuma a hoto bambancin yana fitowa. Guryar ma ba asara ba ce, masu kiwo suna saye.

Gurzajjiyar inji tana rage wahala, sai dai an danne ta ta dunƙule, shiɓa biyu take so. Audugar tsohuwar katifa ta mutu, tsinkewa za ta yi ta yi. Ta rimi kuwa santsi gare ta, a bar wa matashin kai.

Inda ake cutar mutane shi ne a buhu. Wasu na yayyafa ruwa don nauyi ya ƙaru. Ki cusa hannu har tsakiya, in kin ji sanyi ki bar ta, nan da mako za ta yi ja-ja ta fara wari. Ki ciji gurya ɗaya: busasshiya ƙas take fashewa. Wasu yashi suke zubawa a ƙasa, shi ya sa ake zazzage buhu a tabarma kafin a biya. Buhun leda ma matsala ne, zare-zarensa na shiga cikin auduga, kuma baban rini ba ya kama leda. Sai zare ya dawo daga marinar Ƙofar Mata za ki ga farin sili a cikin shuɗi, lokacin kuɗin rini ya riga ya tafi. A buhun algarara ko zani za ki ɗaure kayanki.

Gurzajjiya kuma ana cakuɗa ta da audugar roba. Ashana ce alƙali: ki ƙona ɗan guntu, ta gaskiya tana warin takarda ta bar toka mai laushi, ta roba narkewa take ta bar baƙin dunƙule mai tauri. Haka ake gwada zaren da wata ta kawo miki sari da sunan na hannu. Ki kuma warware taku biyu ki duba, in kaurin bai motsa ko kaɗan ba, na kamfani ne.

Sikelin dijital na kicin ya wadatar. Ki auna kowane ƙulli giram 100, ki rubuta nauyin a kan hoton, kuma kada kaya su tafi tasha sai kin ga kuɗi a asusunki da idonki, hoton rasit ba shaida ba ne.