Resilin a Greensboro: abin da kuɗin tikiti ke saya wa mutum

Yaya, ina gaisuwa da fatan alheri, a gaida mini su Inna da 'yan fada baki ɗaya. Na san har yanzu kuna musu a kan resilin, wasu na cewa ƙarya ce, wasu na rantsuwa faɗa ne na gaske. Garin da Allah ya ajiye ni, Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, tsohon gidan wannan sana'a ne. A babban zaurensa aka yi babban wasan Starrcade na farko a 1983, inda Ric Flair ya karɓe kambun duniya daga hannun Harley Race a cikin kejin ƙarfe, kuma a nan shahararren ɗan resilin Sting ya yi wasansa na bankwana a watan Maris na 2024. Na je babban wasa, na kuma je na ƙananan kamfanoni.

Wanda zai ci, an tsara shi tun kafin a fito. Ba ɓoyayyen abu ba ne, domin a 1989 kamfanin Vince McMahon da kansa ya gaya wa majalisar jihar New Jersey cewa nishaɗi yake sayarwa, don ya kuɓuta daga ƙa'idojin hukumar wasanni. Amma faɗuwar, Yaya, ta gaske ce. Dandalin ƙarfe ne a ƙasa, katako a kansa, sai ɗan siririn soso da aka lulluɓe da tamfol. Abin da ake fara koya wa ɗalibi shi ne yadda zai faɗi: ya manna haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugu, ya sauka da faɗin bayansa, ya buga hannuwa biyu a ƙasa lokaci guda don nauyin ya rarrabu. Ƙarar da ke tashi daga katakon har a ƙirjinka za ka ji ta.

Kamun da suke kira suplex, wanda ake ɗaga mutum sama a kifar da shi ta baya, aikin mutum biyu ne, kamar 'yan dako masu ɗora buhu a mota. Wanda ake ɗagawa shi ke tunkuɗa ƙasa da ƙafa, ya dafa cinyar abokinsa, ya miƙe jikinsa sambal. In ya saki jiki da gangan, ƙato ma sai ya sha wuya kafin ya ciccibe shi. Murɗe ƙafa ko maƙure wuya kuwa, kamun na iya karya mutum, sai dai ana sassauta shi, wanda aka kama ya cika sauran da ihu da yamutsa fuska. Mafi haɗari shi ne piledriver, inda ake juya mutum kai ƙasa a zauna da shi. Dabarar ita ce a riƙe kan tsakanin cinyoyi yadda ba zai taɓa katako ba. A babban wasan SummerSlam na 1997 kan Steve Austin ya zarce ƙasa a hannun Owen Hart, wuyansa ya samu mummunan rauni, ya ɗan jima bai iya motsi ba. A 2000 kamfanin nan na McMahon, wato WWE, ya hana kamun, in ban da irin su Undertaker da ya amince wa. Duk wanda ya hau dandalin nan ya danƙa wuyansa amana ga abokin karawarsa, kuma wannan ya sa nake ganin girmansu.

Dokokin ba su da yawa. Ka danne kafaɗun mutum biyu a ƙasa, alƙali ya ƙirga uku, ka ci. Ko ka matse shi har ya bubbuga ƙasa da hannu, alamar ya sallama. In wanda aka kama ya taɓa igiya, dole a sake shi kafin a ƙirga biyar. In ya fita waje ya wuce ƙirgen goma, ya faɗi, a Japan kuma ashirin ake ƙirgawa. Wadda ta fi tayar da hankalin 'yan kallo ita ce kambu ba ya canza hannu idan an kori mutum don ya karya doka. Shi ya sa mugun zakara, in ya ga ruwa ya ƙare masa, sai ya maka wa abokin karawarsa kujera a gaban alƙali: ya faɗi wasa, ya tafi gida da kambunsa, zaure ya ɗauki ihu. Shi kansa alƙalin ɗan wasa ne, da na'ura a kunnensa ana gaya masa lokacin da ya rage. In aka ji ciwo na gaske, sai ya giciya hannuwansa sama, likita ya taso.

A babban zaure tikitinka na cikin waya, kujerarka da lambarta, ana farawa a kan lokaci, ga bayi mai tsabta, ga wurin masu keken guragu. Sai dai kuɗin da aka rubuta ba shi za ka biya ba, akwai ƙarin na hidima, akwai na ajiye mota, ruwan gora kuma ninkin na kanti ne. In kujerar mai araha ka saya, can sama za ka zauna kana kallon majigi, wanda ke gida gaban talabijin ya fi ka gani. A ƙaramin ɗaki kuwa, da kimanin dala 20 kana kan kujerar naɗewa dab da igiya, kana ganin shatin yatsu ja a ƙirjin wanda aka mara, wani lokaci har ka tsinkayi raɗar da suke yi wa juna a kan kamu na gaba. 'Yan wasan ke haɗa dandalin da hannunsu, a hutun rabin lokaci kuma su tsaya bayan tebur suna sayar da rigunansu. Ni nan na fi morar kuɗina.

In gasa ake magana, kokawarmu ta gargajiya ta Nijar ta fi, ba na ko shakka. Tun da aka fara kokawar takobi a Tahoua a 1975, ba mai sanin wanda zai kai wani ƙasa, kuma kaye ɗaya ke raba gardama. Jihohi 8, kowace da 'yan kokawa 10, ga kiɗa ga kirari, bugun zuciyar da mutum ke yi a filin Kantou na Maraɗi ban same shi a nan ba. Inda suka yi mana nisa shi ne kula da ɗan kallo da kuma sayar da sunan ɗan wasa. A nan ɗan resilin na da kaso a rigar da aka buga sunansa. Zakara irin Issaka Issaka na Dosso ya cancanci haka, kuma abin yana ci mini rai.

Kambun da ɗanka ke roƙo iri biyu ne. Na ƙarfe mai nauyi ɗaruruwan daloli ne, ga kuɗin aike. Na roba, na yara, bai fi kuɗin tikitin ƙaramin ɗaki ba, shi zan saya in bai wa mai zuwa gida ya kawo masa. Rigunan kuwa kada ya sa rai, yadinsu bai fi na 'yan gwanjon babbar kasuwa ba, hoton kawai ake biya.