Gargaɗi kan masu tallan gwajin gadon ƙarar kunne

Ana jan hankalin jama'a game da wasu masu talla a Facebook da WhatsApp da ke iƙirarin za su iya gano ko mutum ya gaji ƙarar kunne, wato ƙugi ko fito da ake ji alhali babu abin da ke yin sauti a kusa. Sukan nemi a aika musu da yawu a 'yar kwalba, su turo sakamakon da ke cewa mutum yana cikin haɗari, sannan su fito da ainihin bukatarsu, wato a riƙa sayen ƙwayoyi da maganin ɗigawa a kunne duk wata.

Abin da ya sa yaudarar ke shiga shi ne sun raɓe da gaskiya. Binciken da aka yi kan tagwaye a Suwidin ya nuna gado yana da hannu, musamman idan ƙarar tana kunnuwa biyu, amma ba ƙwayar halitta guda ce ke ɗauke da ita ba, kuma babu wani gwaji da likitoci suka amince da shi na hasashen wanda zai kamu. Gwajin da ke da tushe daban ne: akwai canji a ƙwayar halitta mai suna MT-RNR1, wanda ake gada ta wajen uwa, da ke sa allurar kashe ƙwayoyin cuta ta gentamicin da danginta su kurmantar da mutum, kuma a asibiti ake duba shi. Maganin nasu kuwa, hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da ko ɗaya a matsayin mai warkar da ƙarar kunne ba, kuma ɗiga abin da ba a sani ba a kunnen da gangarsa ta ɓule yana iya ƙara ɓarna.

Ko da gado ko babu, ƙara mai ƙarfi ce ke lalata ƙananan gasun da ke can cikin kunne, waɗanda ba sa sake tsirowa, kuma lalacewarsu kan jawo ƙarar kunne. Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Ana ɗaukar desibel 85 na tsawon awa 8 a matsayin iyaka a wurin aiki, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, don haka matoshin kunne da rage ƙarar waya sun fi duk abin da suke sayarwa amfani.

Wanda ke jin ƙarar a kunne ɗaya kawai, ko take bin bugun zuciyarsa, ko jinsa ya ɗauke farat ɗaya, ya garzaya wurin likitan kunne, domin ɗaukewar ji ta farat ɗaya ta fi jin magani a makonni 2 na farko.