Gold Wing ko K 1600 GTL: wanne ya dace da doguwar tafiya?

Alhaji, ka tambaya wanne za ka saya tsakanin baburan Honda Gold Wing da BMW K 1600 GTL, ganin cewa tafiyar Abuja zuwa Kano za ka riƙa yi, wani lokaci da mai ɗakinka a baya. Ni Gold Wing nake ba ka shawara, ga dalilaina.

A takarda BMW ce gaba. Injinta mai silinda shida a jere, cc 1649, yana ba da ƙarfin doki 160, yayin da na Gold Wing, duk da ya fi girma da cc 1833, bai wuce doki 125 da 'yan kai ba. Tankin BMW ma ya fi ɗaukar mai, lita 26.5 a kan lita 21, kuma ta fi sauƙi da kusan kilo talatin. Wanda gudu ke burge shi, a nan zai tsaya.

Amma babur mai kilo 380 ba a kan buɗaɗɗiyar kwalta yake gwada mai shi ba, sai a cunkoson shiga gari, lokacin da za ka sauke ƙafa ɗaya a kan yashi alhali akwai mutum da kaya a bayanka. A nan ne dabarar Honda ke fitowa: silindoji shida suna kwance, uku dama uku hagu, tankin mai kuma yana ƙarƙashin kujera, saboda haka nauyin ya taru a ƙasa, babur ɗin ba ya rinjayar hannu. BMW nauyinta ya fi hawa sama, kuma gwiwa na jin haka a kowace tsayawa. Ƙirar Gold Wing ta 2018 zuwa yau tana da samfuri mai giya bakwai da ke canza kanta ba tare da kuloci ba, tana kuma rarrafawa gaba ko baya a hankali idan za ka fita daga matsatsin wuri. Kujerar baya kuwa, Hajiya ce za ta yi maka shaida bayan sa'o'i biyar.

Batun da na fi damuwa da shi shi ne mai da gyara. Injin BMW mai matsi sosai ne, yana son fetur mai inganci, mai darajar oktan 95, Gold Wing kuwa an gina ta ta sha fetur na yau da kullum, wanda shi ne za ka samu a gidajen man hanya. Dukansu farfela ke juya tayar baya, babu wahalar sarƙa, amma dukansu sai da kwamfuta ake gano ciwonsu, don haka ka nemi makaniken kafin ka biya kuɗin, musamman idan ɗan Kwatano za ka ɗauka.

Idan kuma tafiyar za ta kai ka hanyar burji zuwa ƙauye, to babu ɗayansu da ya dace, domin cikin Gold Wing santimita 13 kacal ya ɗaga daga ƙasa. Wannan aikin na baburan da aka ƙera don irin wannan hanya ne, kamar Honda Africa Twin ko BMW GS.