Seiko 5 na hannu: saye da sauƙi, sai da aka buɗe bayansa

Tun ina yaro nake sha'awar agogon Seiko 5, irin wanda alhazai ke dawowa da shi daga Saudiyya, mai nuna ranar mako da Larabci. Watan jiya na ci karo da ɗaya a tiren wani mai tsofaffin agoguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Na girgiza shi, ya kama tafiya, na biya dubu 20 na wuce. Ban ce a buɗe bayansa ba, nan na yi wauta.

Kwana biyu na gane gudu yake, kusan minti huɗu a yini. Na kai wa wani dattijo mai gyara da wani abokina ya yi mini kwatance. Ya maƙala gilashi a ido, ya buɗe, ya yi shiru, sannan ya ce: "Ɗana, wani ya ɗiga masa man keken ɗinki." Ya miƙo mini gilashin in gani da idona. Siririn sifirin nan mai kama da gashi, wanda ke daidaita bugun agogo, zagayensa biyu sun manne da juna. In ya manne ya gajarce, in ya gajarce agogo sai gudu.

Injinsa samfurin 7009 ne, mai duwatsu 17, wato ƙananan duwatsun da ke rage gogayya a cikin inji. Lambar da ke bayan murfin ta fara da 3 da 8, wato watan Agusta na shekara mai ƙarewa da 3. Baba mai gyaran ya ce 1983 ce. Ya kuma tabbatar mini fuskar ta asali ce, ba irin waɗanda ake sake wa fenti a Indiya ba. Wannan ya sanyaya mini rai.

Ya warware shi ɗai-ɗai, ya wanke, ya sa mai, ya canza zoben roba da gilashi. An daina yin wannan injin, 7S26 ya gaje shi a 1996, don haka wani ɗan ƙarfen daga mataccen agogo ya ciro shi. Dubu 12 ya karɓa, ban yi ciniki ba. Ƙorafina biyu ne: ya ce mako guda, sai da na yi sawu uku, kuma ya bar ɗan karce a murfin baya.

Yanzu bai fi daƙiƙa 20 yake ƙarawa a yini ba. Ba batir, ba a kuma wana shi da hannu, motsin hannunka ne abincinsa. Ka ajiye shi kwana biyu ka tarar ya tsaya. Ranar mako kuwa danna kunnen ake yi ta canza, abin da har yanzu ɗana ke roƙona in bar shi ya yi.

Da zan tafi Baba ya riƙe hannuna: "Cire shi in za ka yi alwala, kada kuma ka canza kwanan wata da dare." Ya ce in dawo da shi bayan hunturu ya duba ko ƙura ta shiga.