Gilashin dubu 85 da ya kusa karya ni a matakala

Ni dai tun da na shiga shekara 44 zare ya daina shigar min allura, sai na miƙa wa yarinyar shago ta zura min, saƙon waya kuwa sai na miƙar da hannu can nesa kafin na karanta. Wata shida ina maneji da gilashin karatu na kan tebur, +1.50, da na saya a Sabon Gari, har ciwon kai ya kai ni wani shagon gilashi mai likita a ciki, irin na saman bene ɗin nan.

Likitan kam ba ni da abin cewa a kansa. Ya yi ta canza min kwalba yana tambaya "wannan ko wancan Hajiya?" bai gaji ba, ya hura min iska a ido ya duba hawan jinin ido ya ce lafiya lau, shekaru ne kawai, daga 40 kusan kowa sai ganin kusa ya ragu masa. Ya rubuta min furogiresif, wanda sama na nesa ne ƙasa na kusa, babu layi a tsakiya. Daga wajen biyan kuɗi aka fara, an ɗora min bulu kot, wai mai tare hasken waya, da mai canza kala a rana ban ce ina so ba, da firam da komai dubu 85, kuɗin ɗinkin sallah ne na tara wallahi.

Ranar da na karɓa ina saukowa daga benensu ƙasa ta dinga min lilo, na tsallake mataki ɗaya, da ban cafki ƙarfen gefe ba da sai dai a kwashe ni, gwiwata har yau tana min tsami. Na koma sama yaron shagon ko tashi bai yi ba ya ce "Mama haka yake, ki ba shi sati biyu za ki saba." Sati uku na yi ina jiri, a kan keken ɗinki sai na karkata kai gefe kafin na ga bakin allura, har na ɓata wa wata kwastoma wuyan riga. Da na koma na ce ni likita zan gani, likitan ya ɗauki alƙalamin maka ya ɗiga a kan kwalbar daidai ƙwayar idona sai ga shi tsakiyar ta kauce, ashe ranar farko babu wanda ya sa min firam ɗin a fuska ya auna.

Sun sake yankawa, kuma gaskiya yanzu yana da daɗi, bayan asuba ina karatun Alƙur'ani shafi biyar babu ciwon kai, zare ma da kaina nake zurawa. Har na so na ce ku je. Amma fa sai da suka karɓi ƙarin dubu 20, wai na wuce sati biyun da ake canji kyauta, sati biyun da yaronsu da bakinsa ya ce na zauna na jira! Wannan dubu ashirin ɗin ta fi 85 ɗin ci min rai. Maigidan ma ya fara nesanta waya da fuskarsa, na ce ya je likitan ya auna shi, ya karɓo takardarsa mu kai wani wajen a yanka.